Gurɓataccen jini da maganin da ya zama guba: wa ke biyan diyya, kuma ta yaya ake kaiwa gare ta?

Jama'a duk lokacin da aka tada maganar nan ta cewa gwamnatin Ingila ta ware fam miliyar 11.8 don biyan mutanen da asibitocinta suka ƙara ma gurɓataccen jini, abin da nake ji a bakin mutanenmu nan Damagaram shi ne kai Turawa akwai tausayi, ka ga ƙasar da ta san darajar ɗan Adam. To wallahi ba tausayi ba ne. Kuɗin nan ƙwato su aka yi, kuma sai da aka kwashe shekaru wajen 40 ana jan igiya, mutum wajen 3,000 suka riga mu gidan gaskiya kafin a kai ga haka. In ka lissafa kuɗin da sefa ya kusa ninka kasafin Nijar na shekara guda sau uku, amma ni ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, hanyar da aka bi aka kai gare su ita ce abin dubawa, don ita ce ta shafe mu.

Bari mu fara da abin da ya faru. Akwai ciwon da ake haihuwar mutum da shi, galibi maza, wanda in ya ji rauni jinin ba ya tsayawa, likitoci na ce mishi hemofiliya. A shekarun 1970 aka samo musu magani mai suna Factor VIII wanda ake tacewa daga ruwan jinin mutane, kuma gaskiya ya canza musu rayuwa, yaron da a da sai an kwantar da shi asibiti yanzu uwarshi na iya yi mishi allura a gida ya tafi lakkol. Matsalar ita ce yadda ake haɗa shi. Ba jinin mutum ɗaya ba ne, jinin dubban mutane ake zubawa wuri guda a tace, to ka san wake ɗaya shi ke ɓata gari, in mutum ɗaya cikinsu na da sida ko ciwon hanta duk haɗin ya ɗauka. Ingila ba ta iya yin wanda zai ishe ta ba sai ta riƙa sayowa daga Amurka, can kuwa sayen jinin ake yi da kuɗi, har daga ƴan kaso da masu yi ma kansu allurar ƙwaya. Daga shekarun 1970 zuwa 1991 sama da mutum 30,000 suka kamu, wasu ta wannan maganin wasu kuma ta ƙarin jini na yau da kullum, matar da ta haihu ta zubar da jini, wanda ya yi hatsarin mota, wanda aka yi ma aiki. Cikin masu hemofiliya kaɗai wajen 1,250 suka kamu da sida, 380 daga ciki yara ne. Akwai wata makarantar kwana mai suna Treloar's inda aka tara yara masu wannan ciwon, 122 suka bi ta wurin, sama da 70 sun mutu.

Yanzu ga inda nake so a nutsu. Gwamnatin Ingila ba wai ta yi shiru ba ne duk tsawon shekarun nan, a'a, ta riƙa ba da kuɗi. A 1988 aka buɗe wani asusu mai suna Macfarlane da fam miliyan 10 don masu sida. A 2004 aka buɗe wani, Skipton, don masu ciwon hanta na C, ana ba mutum fam 20,000 a matakin farko. Amma duk waɗannan kuɗin da sharaɗi ɗaya ake ba da su, cewa gwamnati ba ta amsa wani laifi ba, taimako ne kawai don ta ga kuna cikin wani hali. Kuma wanda ake taimaka ma ai ba shi da bakin magana, shi zai cika takarda ya nuna shi talaka ne, ya roƙi kuɗin gyaran ɗaki ko na jana'iza, a ce ya dawo wata mai zuwa. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne sulhun da aka yi a 1991 da masu sida da suka kai ƙara, sai da aka sa su sa hannu cewa ba za su sake kai ƙara ba ko da kan ciwon hanta, alhali da yawansu ba a ma faɗa musu suna ɗauke da shi ba. Wato an rufe musu ƙofa tun kafin su san akwai ta.

Sai a 2017 lokacin firaminista Theresa May aka yarda a kafa kwamitin bincike na gaske, ƙarƙashin wani tsohon alƙali Brian Langstaff, mai ikon kiran minista ya zo ya rantse ya yi bayani. Ranar 20 ga Mayu 2024 rahoton ya fito, ya ce da an so da an kauce ma yawancin abin da ya faru, an san haɗarin amma aka ci gaba, an ɓoye ma marasa lafiya gaskiya, har takardu aka lalata. A ranar firaministan lokacin Rishi Sunak ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Daga nan lissafin ya canza gaba ɗaya. Yanzu ba a tambayarka kai talaka ne ko mai kuɗi, ana tambaya me aka raba ka da shi. Ana lissafin ciwon kanshi, ana lissafin ƙyamar da mutane suka nuna maka don a shekarun 1980 mai sida ko hannu ba a ba shi, ana lissafin an yi maka abu ba da saninka ba ko an hana ka aure da haihuwa, ana lissafin jinyar da danginka suka yi, sannan aikin da ka rasa da kuɗin da da ka samu. Mai sida zai iya samun sama da fam miliyan 2. Kuma ba shi kaɗai ba, matarshi, iyayenshi, ƴaƴanshi, ƴan uwanshi na ciki ɗaya duk suna da nasu haƙƙin daban, wanda ya mutu kuma magada ke karɓa. Tun a 2022 ma an fara ba su fam 100,000 na riƙon ƙwarya, wajen miliyan 75 na sefa ke nan, don an ga mutuwa suke yi suna jira. Duk da haka a 2025 sai da shi Langstaff ɗin ya sake fitowa da wani rahoto yana kukan biyan na tafiyar hawainiya.

Faransa wadda muka fi sani ta bi wata hanya. Can ma abu ɗaya ne, a 1985 cibiyar jini ta ƙasa ta ci gaba da raba ma masu hemofiliya maganin da ta san gurɓatacce ne don kar kayan da ke ajiye su yi asara, alhali an riga an san in aka dumama shi ƙwayar sida na mutuwa. Wata ƴar jarida Anne-Marie Casteret ta tona asirin a 1991, a 1992 aka yanke ma shugaban cibiyar Michel Garretta shekara 4 a kaso. Ministoci uku suka gurfana a 1999, aka wanke Laurent Fabius da Georgina Dufoix, wadda ita ce ta yi maganar nan da ta zama abin zolaya cewa alhakin yana kanta amma laifin ba nata ba ne, shi kuwa Edmond Hervé aka same shi da laifi amma ba a hukunta shi ba. To amma a gefen diyya Faransa ta yi sauri, tun ƙarshen 1991 ta yi dokar asusu na musamman, sannan a 2002 aka kafa hukumar ONIAM wadda ke biyan wanda magani ko aikin asibiti ya yi ma mummunar illa ko da ba a kama kowa da laifi ba. Wannan tsarin yana da muhimmanci sosai, zan dawo kanshi.

Kuɗi kaɗai kuma ba ya nufin an yi adalci, ƴan uwanmu da suka yi zaman Libiya sun san labarin Bangazi. Yara sama da 400 suka kamu da sida a asibitin yara a ƙarshen shekarun 1990, gwamnatin Gaddafi ta kama ma'aikatan jinya biyar ƴan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine ta ce da gangan suka yi, aka yanke musu hukuncin kisa, duk da masana irin su Luc Montagnier sun shaida cewa cutar ta fara yaɗuwa tun kafin mutanen nan su zo kuma rashin tsabtar kayan aiki ne sanadi. A 2007 aka ba kowane gida dala miliyan 1, aka saki fursunonin. Iyaye sun karɓi kuɗi amma asibitin da tsarin da suka jawo abin ba su amsa komai ba.

To mu dawo gida, don kar wani ya ce wannan ai matsalar masu kuɗi ce. A 1995 lokacin babbar annobar sanƙarau a nan Nijar an yi ma mutum sama da 50,000 allurar rigakafin jabu, wadda ta shigo a matsayin kyauta daga Najeriya, ba komai a cikinta na magani, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum 2,500 suka mutu ta dalilin haka. A 2015 da 2019 hukumar ta sake fitar da gargaɗi kan rigakafin sanƙarau na jabu a Nijar. A Najeriya a 2008 siron haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84. A Gambiya a 2022 siron tari da mura na wani kamfanin Indiya, Maiden, ya tafi da yara wajen 70. Gubar da ke ciki, diethylene glycol, sinadari ne na masana'anta irin wanda ake sawa a man birki, yana da zaƙi kuma ya fi sinadarin gaskiya da ake haɗa siro da shi araha shi ya sa marasa tsoron Allah ke musanya shi. Ƙoda yake kashewa. Alamar da iyayen Gambiya suka riƙa faɗa ita ce yaro ya yi amai sannan fitsari ya ɗauke kwata-kwata, kwana ɗaya, biyu, uwa na duba zane ba jiƙa. A lokacin Gambiya ba ta da ɗakin gwajin da zai gano gubar, sai da aka kai samfur waje, gwamnatin Indiya kuma ta ce ita nata gwajin bai ga komai ba, iyaye suka haɗa kai suka tafi babbar kotu a Banjul. A Uzbekistan inda irin wannan siron ya kashe yara 68, kotu a 2024 ta ɗaure mutane ta kuma ce a ba kowane gida wajen dala 80,000.

Labarin Kano kuwa shi ya fi koya mana abu, ko da yake shi ba gurɓata ba ce gwajin magani ne. A 1996 kamfanin magani na Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a lokacin sanƙarau, yara wajen 200 aka sa a ciki, 11 suka mutu wasu suka nakasa, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su ba maganin ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, miliyan 35 daga ciki na waɗanda abin ya shafa ne. Sai rigima ta koma wa aka yi ma gwajin? Sama da mutum 500 suka ce su ne, alhali 200 ne, babu cikakkiyar takarda a hannun iyaye, sai aka ce a yi gwajin DNA. A 2011, shekara 15 bayan abin, gida huɗu ne suka fara karɓar dala 175,000 kowanne. Kuɗin na ajiye amma shaidar da za ta buɗe shi babu.

Nan ne nake ganin namu raunin yake. Diyya a kowace ƙasa abu uku take tambaya, me aka ba ka, yaushe kuma a ina, sannan me ya nuna shi ne ya jawo maka ciwon. Ka je sashen yara lokacin damina da palu ke kwantar da su, yaro ya yi fari fat, ido fari tafin hannu fari, a ce jini ya ƙare a nemo mai badawa. Uba ya fita da gudu yana bugun waya, ƙanenshi ya zo, abokin shago ya zo, a auna a ɗiba, a rataya leda, jini na ɗiga uwa na ta salati, da yamma yaro ya buɗe ido ya nemi nono kowa ya ce alhamdulillahi. Wannan ledar tana da lamba a jikinta da rukunin jini da kwanan wata, amma wa ya taɓa kwafe lambar? Karnen yaron ma in an sallame su, wani lokaci a ƙarƙashin katifa zai ƙare, ruwa ya jiƙa shi ko gara ta ci, odonansi kuwa na sha ganin mai ƙosai ta naɗe ma yaro na dala biyar a cikinta. Kuma kar a fahimce ni baibai, ƙarin jini na ceton rai kullum a garin nan, ana auna shi a duba sida da ciwon hanta na B da C da tunjere kafin a sa ma mutum, kar wani ya hana a ƙara ma matarshi ko ɗanshi jini don ya karanta wannan. Sai dai akwai ɗan lokacin da mutum ya kamu sabo-sabo gwaji bai fara gani ba, shi ya sa tambayoyin da ake yi ma mai ba da jini ba shisshigi ba ne, kuma shi ya sa yara masu sikila da ake ƙara ma jini akai-akai suka fi kowa buƙatar a riƙe musu rubutu. Ciwon hanta na C zai iya shekara 20 bai nuna ba, ranar da ya nuna takardar nan kaɗai ce za ta yi magana.

Na siro ya ma fi muni. In daga farmasi ka saya da odonansi, akwai lambar haɗi a jikin kwalin, ana iya bi daga mai sayarwa zuwa mai shigowa zuwa kamfanin, kuma ƙasa na da ɗakin gwaji LANSPEX a Yamai. In kuwa a tiren mai talla ka saya a Kasuwar Dole ko bakin tasha, kwalbar ta sha rana, rubutun ya kwaɓe, shi kanshi mai tallan daga hannun wani ya karɓa wanda ya tsallako da ita ta Magariya ko Matamai, to wa za ka kama? Ba zagin masu saye nake ba, wanda ke da jika ɗaya a aljihu kuma odonansi ta ce jika takwas ya san dalilinshi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe irin namu magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci, to kuwa hana shi shigowa aikin duwan ne da ma'aikatar lafiya ba aikin uwar yaro ba, kuma ta nan ne alhakin gwamnati ke shigowa ko da ba ita ta haɗa maganin ba.

Sai maganar haƙuri, wadda na san wasu za su ji haushina. In abu irin wannan ya faru a nan, kafin a gama sadakar uku an rufe zancen, kwana ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne, kar ka ja da likita gobe ma wurinsu za ka koma. Mun yarda da ƙaddara ba ja, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ajiye diyya a kisan kuskure, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma ba a ce sai in da gangan ba, kuskure ma ana biya, sai in dangin mamaci ne suka yafe da kansu. Raƙuma 100 ne asalinta, kuma ba a kan mai kuskuren shi kaɗai ake ɗora ta ba, danginshi na wajen uba ke haɗuwa su biya, malamai kuma sun yi bayanin inda baitul mali ke ɗauka in ba a san wanda ya yi ba ko ba shi da masu biya mishi. Yafiya tana da lada, amma wanda ba a faɗa mishi me ya kashe ɗanshi ba ai bai yafe komai ba, ba a dai ba shi zaɓi ba ne.

Wannan ya kawo ni kan tsarin nan irin na ONIAM ta Faransa, na biya ba tare da neman mai laifi ba. Amfaninshi biyu ne. Na farko talaka ba ya buƙatar lauya da shekara goma a kotu, kwamitin likitoci ke duba takardunshi su ce e ko a'a. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, ma'aikacin jinya ba ya tsoron faɗin gaskiya, don in ya san rubuta cewa yara uku sun daina fitsari bayan siro kaza ba zai kai shi kaso ba, zai rubuta da wuri a janye maganin kafin ya kai yara talatin. Illarshi kuma ita ce manya na iya fakewa da shi, a biya a yi shiru ba wanda ya sauka daga kujera, shi ya sa mutanen Ingila suka nace sai an yi bincike a bainar jama'a tukuna. Masu cewa ina Nijar za ta samu kuɗin, ba lallai daga kasafi ba. Amurka tun dokar 1986 take da asusun masu illar rigakafi, senti 75 ake ɗorawa kan kowace allura na kowace cuta da take karewa, da shi ake biya. Lokacin korona ma shirin rabon allurar rigakafi na duniya mai suna COVAX ya buɗe irin wannan asusun a 2021 don ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi, har da Nijar a ciki, ɗan abu kaɗan kan kowace allura ne ya tara shi. Haƙƙi ne da mutumin Tanut ko Gure ya samu daidai da na kowa in allurar ta yi mishi mummunar illa, amma ni dai duk shelar a fito a yi allura da na ji a rediyo ban ji an haɗa da wannan ba, kuma ko an faɗa, cike takardar sai da katin allura mai lambar haɗi da rahoton likita.